Idan Likita Ya Ce Zuciya Ce

A unguwannin Kaduna irin su Kakuri, Barnawa ko Sabon Tasha, mutum kan je asibiti da kumburin ƙafa da haki, yana zaton gajiya ce, sai likita ya ce zuciyarsa ta yi rauni. Galibi hawan jini ne ya daɗe yana ɓarna ba a auna ba. Ga masu jego kuwa, tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka lura cewa gazawar zuciya bayan haihuwa ta yawaita a ƙasar Hausa, suka kuma danganta ta da yawan shan kunun kanwa da wankan ruwan zafi.

Labari ne mai girgiza gida, amma mutane da dama na rayuwa da ciwon shekaru masu yawa. Abin da ke damunmu shi ne yadda ake ajiye magani da zarar kumburi ya saɓe, a koma jiƙe-jiƙe. Maganin zuciya na kullum ne, kuma rage gishiri da dunƙulen miya aikin duk gidan ne, ba na mara lafiya shi kaɗai ba.

Sai batun kuɗi. Tsoffin ma'aikatan masaƙun Kakuri da aka rufe da kyar suke sayen magani kowane wata. Ya kamata hukumar inshorar lafiya ta jiha, KADCHMA, ta shiga unguwannin nan ta yi musu rajista. Gwamnati kuma ta tabbatar akwai likitan zuciya da na'urar hoton zuciya a Asibitin Gwamna Awan da ke Kakuri, kada mai numfashi sama-sama ya sha cunkoson gada zuwa Asibitin Barau Dikko, ko doguwar tafiya zuwa asibitin Shika.