Katin Dodanni da Cinikin Biri a Sama

Ya ku 'yan'uwana masu koyon aikin malanta, ina so mu tattauna a kan wani abu wanda mai yiwuwa waɗansunku su ce bai isa a ɓata masa tawada ba, watau katin dodanni da yara ke wasa da shi, da kuma sababbin jerinsa da a ke ta fitarwa ba ƙaƙƙautawa. Ra'ayina a taƙaice shi ne, wasan kansa ba shi da laifi, har ma akwai amfani a cikinsa. Laifin yana cikin yadda a ke sayar da shi, a rufe cikin ƙunshi, mai saye bai san abin da ya saya ba sai ya yage. Malamin da bai rarrabe waɗannan abubuwa biyu ba, ko dai ya hana yara abin da zai amfane su, ko kuwa ya zuba ido su koyi caca a gabansa.

Bari mu fara da asalin abin, don wanda bai sani ba ya sani. A ƙasar Japan akwai wani mutum wai shi Satoshi Tajiri, wanda sa'ad da ya ke yaro ba shi da aiki sai kamun ƙwari yana tarawa, kamar yadda yaranmu ke bin fara da gyare. Da ya girma sai ya mai da wannan sha'awa ta zama wasan na'ura mai suna Pokémon, ya fito a 1996 da dodanni 151. A watan Oktoba na shekarar nan, watau watan da aka ƙirƙiro Jihar Gombe, aka fito da wasan katin dodannin. Katin ya isa Amurka a 1999, kuma a shekarar ne wani kamfani wai shi Konami ya fito da nasa irin, Yu-Gi-Oh! Ya zuwa watan Maris na 2024, katin Pokémon kaɗai da aka buga ya haura biliyan 64.

Yadda a ke wasan kuwa, mutum biyu ne ke zama, kowa da kati 60. Kowane dodo an rubuta masa yawan ƙarfinsa da irin dukan da ya ke yi, da abin da ke cinsa. Galibi ruwa na cin wuta, wuta na cin ciyawa, in kuwa dodo ya gamu da abin da ke cinsa sai a ninka dukan sau biyu. Ashe ke nan yaron da ke wannan wasa dole ya karanta, ya tara, ya ɗebe, ya ninka, ya kuma yi tunanin abin da abokin karawarsa zai yi. Wane malami ne zai ƙi haka? Mu da mu ke fama da yara su haddace sau biyu da sau uku, ga shi suna yi da kansu ba bulala.

To, amma ga inda gizo ke saƙa. Masu kamfani ba su buga kati sau ɗaya su huta. Jerin farko da ya fito a Amurka kati 102 ne. Ba a yi wata shida ba suka ƙaro wani jeri mai suna Jungle, mai kati 64, kafin shekara ta ƙare suka kuma ƙaro Fossil, mai kati 62. Tun daga sa'an nan ba su fasa ba, a kowace shekara su kan fitar da manyan jeri wajen huɗu. Sabon jeri ya kan zo da dodannin da ba a taɓa gani ba, sau da yawa waɗanda suka fi na da ƙarfi. A babbar gasar da kamfani ke shiryawa kuwa, kowace shekara a kan fid da tsofaffin jeri, a ce ba a shiga da su. Wanda ya sha wahala ya cika na bara, bana sai ya sake sabon lale.

Yanzu sai mu ɗauki alli mu yi lissafin Jungle ɗin nan, domin shi ne zai nuna mana cikin al'amarin. An kasa katinsa 64 kashi huɗu, kowane kashi 16: akwai na gama-gari, da waɗanda suka ɗan fi su wuya, da masu wuyar samu, da masu wuyar samu masu ƙyalli. A ƙunshi ɗaya kati 11 ne, bakwai na gama-gari, uku na tsakiya, ɗaya tak mai wuyar samu. Mai ƙyalli kuwa a kan same shi kamar sau ɗaya cikin ƙunshi uku. To, a ce yaro yana son wani dodo guda mai ƙyalli, shi kaɗai cikin 16 ɗin nan. Uku sau 16 ya zama 48. Watau bisa matsakaicin lissafi sai ya yage ƙunshi 48, kati 528 ke nan, kafin ya dace da shi, kuma yana yiwuwa ya yage fiye da haka bai samu ba. A cikin tarin nan kati 336 na gama-gari ne, kowane iri ya maimaitu wajen sau 21. Ga kuwa ƙunshi ɗaya na gaske a Amurka ya kan kai dala huɗu zuwa biyar. In wannan ba cinikin biri a sama ba ne, to mene ne?

Abin da ke ƙara hura wutar kwaɗayi shi ne labarin waɗanda suka dace. A 2021 wani Ba'amurke wai shi Logan Paul ya mallaki kati guda na dodon nan Pikachu a kan abin da ya haura dala miliyan 5. Irin wannan labari shi ke yawo a duniya. Ba mai ba da labarin dubban yaran da suka ƙare da jaka cike da takardun da ba mai saye.

Na san wani zai ce, ina ruwan yaron Herwagana da abin da a ke yi a Tokyo, tun da ba a jera wannan kati a kowane kanti a nan ba? Amsa ta farko ita ce, halin tara abu da musayarsa ba baƙo ba ne a wurinmu. Yaranmu sun san tara marfin kwalba da roba da hotunan 'yan ƙwallo, sun kuma san wasan ci, inda wanda ya yi nasara ke kwashe na ɗan'uwansa. Amsa ta biyu, tun watan Oktoba na 2024 wasan ya shiga wayar hannu da sunan Pokémon TCG Pocket. A kan ba mutum ƙunshi biyu kyauta a rana, kowanne da kati biyar, in yana son ƙari da gaggawa sai ya biya kuɗi. Tun da a waya ya ke, ba ya bukatar kanti a Herwagana ko Jekadafari ko Bolari. Amsa ta uku ita ce ta fi damuna. Shagunan cacar ƙwallo sun yi yawa a biranenmu, kuma bugun zuciyar da yaro ke ji sa'ad da ya ke yage ƙunshi, shi ne dai wanda saurayi ke ji sa'ad da ya ke duba takardarsa ta caca. Wanda ya saba da na farko yana ɗan shekara goma, na biyu ba zai yi masa wuyar shiga ba yana ɗan ashirin.

Ku gwada shi da wasannin da muka saba. Dara, kowa da 'ya'yansa 12, ɗan attajiri da ɗan talaka daidai su ke, sai wanda ya fi dabara. Katin Whot, wanda aka ƙago a Ingila a 1935, guda 54 ne, in an saya sau ɗaya an gama, kowa kuma daga tari ɗaya ya ke ja. Amma a wasan dodanni kowa da nasa tari ya ke zuwa, saboda haka aljihun uba yana shiga fili tare da ɗansa. Yaron da ubansa ya iya sayen sabon jeri ya kan ka da wanda ya fi shi ƙwaƙwalwa. Wannan darasi ne da bai kamata a koya a harabar makaranta ba.

Masu tsanani za su ce a hana shi ɗungum a huta. Ba su rasa hujja ba, don kuwa a 2001 malaman Saudiyya sun ba da fatawar hana shi, cikin dalilansu har da kamar da ya yi da caca. A 2018 kuma hukumar ƙasar Beljiyam ta yanke cewa akwatunan sa'a da a ke saye da kuɗi cikin waɗansu wasannin kwamfuta caca ne. Na yarda da su a kan rufaffen ƙunshi. Amma malamin da ya ƙwace kati ya jefa a aljihun tebur, wasa kawai ya kora bayan aji, inda idonsa ba ya kai. Masu sassauci kuma za su ce ai ba caca ba ne, tun da ba mai yage ƙunshi ya tarar ba kome. Sai mu tambaye su, wanda ya ba da kuɗi yana fatan dodo mai ƙyalli, ya tashi da wanda ya ke da irinsa ashirin, riba ya ci ko hasara?

Ga abin da na ke ganin ya kamata mu yi sa'ad da aka tura mu gwajin koyarwa, da kuma bayan mun kama aiki. Da fari, mu kai lissafin nan na ƙunshi 48 gaban 'yan aji biyar da shida, su yi shi da hannunsu a kan allo. Yaron da ya ninka ya ga 528 da idonsa ya fi wanda aka yi wa wa'azin sa'a guda fahimta. Na biyu, mu kafa doka cewa ba saye ba sayarwa a makaranta, ba kuma wasan ci. Mai son musaya ya yi ta a fili, kati da kati, babba kada ya cuci ƙarami.

Na uku, mu yi namu. Kwali da almakashi da fensir mai launi sun isa. Dabbobinmu ba su ƙare ba, ga giwa da gwaggon biri na Yankari, ga dorina da kada na kogin Gongola, ga kura da dila da bushiya. Cikin tatsuniya kuma ga Gizo da Ƙoƙi da Dodo kansa. Kowane yaro ya zana ɗaya, ya rubuta abincinta da mazauninta, 'yan aji su yi muhawara a kan ƙarfin da za a ba ta. Tun da ya ke a Gombe mu ke, a rubuta sunan dabbar da Hausa da Fulatanci, wanda ya san Teranci ko Bolanci ko Tangale ya ƙara nasa, ya je ya tambayi kakarsa in ya manta. Kowane zangon karatu aji ya fitar da sabon jeri, wannan karon tsuntsaye, na gaba itatuwa, na gaba kifayen Dadin Kowa. Katin na aji ne, a buɗe ya ke, a raba wa kowa daidai, a mayar cikin akwati in an tashi. Ta haka yara sun sami daɗin sabon abu da su ke nema, sun yi rubutu da zane da lissafi da sanin ƙasa, ba kuwa wanda ya taɓa kuɗin cefanen uwarsa.

'Yan'uwa, masu kamfanin nan sun zauna sun karanci zuciyar yaro sarai, sun san abin da ke ja ta. Mu da aka damƙa wa amanar yaran bai kamata su fi mu sanin ta ba. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, kuma yaron da ya saba tambayar abin da ke cikin ƙunshi kafin ya miƙa kuɗinsa, da wuya a ruɗe shi in ya girma. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya shirya mana zuriya, amin.