Hayaƙin da ake mayar wa 'yan dako

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya a tsakiyar noman rani ya san yadda kasuwar Kwanar Gafan take cika da kwandunan tumatir da motocin a-kori-kura. Ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, shi ya mayar da Kura da Bunkure da Garun Malam rumbun shinkafa da alkama da kayan gwari. Amma mota ce ke fitar da amfanin daga gona. Wasu daga cikin motocin dizal ɗin da ke wannan aiki tsofaffin Turai ne, kuma sukan zo da na'urorin tace hayaƙi waɗanda makanikai da masu mota ke ɗauka kayan wahala. Da zarar fitilar gargaɗi ta kama, shawarar da aka saba ji ita ce a yanke su a huta.

Na'urorin uku ne. Ta farko, EGR, tana mayar da wani kaso na hayaƙi cikin inji domin rage zafin ƙuna. Ta biyu, DPF, rariya ce a cikin salansa da ke kama baƙin ƙunƙunniya, sannan ta ƙone shi idan zafi ya kai wajen digiri 600. Ta uku, SCR, tana fesa ruwan AdBlue cikin hayaƙi domin ta mayar da iskar da ke ƙona huhu ta zama naitirojin da tururi. Tun daga ƙa'idar Euro 5 ta 2009 da Euro 6 ta 2014, ƙananan motocin dizal a Turai ba sa fita kasuwa sai da irin waɗannan.

Kukan masu mota yana da tushe. Rariyar tana bukatar doguwar tafiya da gudu kafin ta ƙone abin da ta tara, alhali motar gona wuni take tana rarrafe a gefen magudanar ruwa, ko tana tsaye inji na aiki ana lodi. Idan ta toshe, kwamfutar mota takan rage wa inji ƙarfi, ga kuma tumatir ba ya jira. Babbar matsalar kuwa man ce. An ƙera waɗannan na'urori domin dizal mai salfa kashi 10 cikin miliyan, kamar na Turai. Shekaru da yawa a baya Najeriya ta riƙa karɓar mai kashi 3,000, abin da ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta fallasa a 2016. ECOWAS ta amince da iyakar kashi 50 a 2020, amma mai saye a ƙauye ba shi da hanyar sanin abin da aka zuba masa a jarka.

Duk da haka, yanke na'urar ba ya kawar da asarar, sai dai ya sauya wanda zai biya ta. A 2012 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin dizal cikin abubuwan da ke haddasa cutar daji ga ɗan Adam. Bakin salansa a bayan mota yake, daidai inda 'yan dako ke sunkuyawa, inda masu tallan abinci ke tsayawa, a lokacin da ƙurar hunturu ta riga ta cika ƙirji. Mai mota ya tsira da kuɗinsa, lebura ya tafi gida da tari. Shi ya sa a Amurka kamfanin Cummins ya amince a ƙarshen 2023 zai biya tarar dala biliyan 1.675 kan zargin dabarun kauce wa gwajin hayaƙi a motocin Ram.

Gyaran ba ya wuce ƙarfin ƙasar nan. AdBlue yuriya ce kashi 32.5 cikin ɗari a cikin tataccen ruwa, kuma Najeriya tana sarrafa yuriya a masana'antun Indorama da Dangote. Manomin Kadawa ya san yuriya sarai, sai dai jiƙa takin gona a zuba wa mota ɓarna ce, domin ƙazantarsa na lalata na'urar. Abin da ya rage shi ne a samar da tsarkakakken a gidajen mai, hukumar NMDPRA ta riƙa gwada dizal a wurin sayarwa ta bayyana sakamako, a kuma koya wa makanikai wanke rariya maimakon fasa ta. Ma'aikatu da ayyukan raya noma da ke sayen motoci su ma ya kamata su tambayi man da motar za ta sha kafin su sa hannu.

Kafin hakan ta samu, mai mota yana da nasa rabon: ya sayi mai a inda ya amince, ya kashe inji yayin lodi, ya ba motar gudu a kan kwalta lokaci zuwa lokaci. Yaron da ke ɗora kwando a bayanta ba a yi shawara da shi ba ranar da aka yanke salansa.