Mai Tsorata Mu Da Girgizar Ƙasa, Ya Karanta Surar Har Ƙarshenta



Mun yi shiru da farko don gudun a ce muna taɓa bawan Allah. Amma tun da ƙasa ta motsa a Mpape da ke Abuja a watan Satumba na 2024, wani saƙon murya ke yawo a wayoyin mambobinmu a nan Legas: wai ƙarshen duniya ya iso, kowa ya kawo abin da ya tara a sa masa albarka. Yanzu magana ta kai ga wata gwauruwa a cikinmu ta kwashe kuɗin makarantar 'ya'yanta ta miƙa. Yara biyu suna zaune a gida. Shirun ya ƙare.

Ba mu musun cewa Littafi Mai Tsarki ya ambaci girgizar ƙasa. Tana nan a Matiyu 24, da Markus 13, da Luka 21. To amma malam mai wa'azi yakan karanta aya ta 7 a Matiyu ya rufe littafi. Me ya hana shi aya ta 6, inda Yesu ya gargaɗi almajiransa kada su firgita, domin ƙarshen bai zo ba tukuna? Me ya hana shi ta 8, inda aka kwatanta waɗannan abubuwa da somin naƙuda? Kowace uwa ta san somin naƙuda ba ya faɗa mata ƙarfe nawa za ta sauka. A aya ta 36 kuwa an rufe ƙofar lissafi gaba ɗaya: ranar da sa'ar, ko mala'iku ba su sani ba. Abin da aka ɓoye wa mala'iku, yaushe aka turo wa mai lambar asusun banki?

Kuma ƙasa ba yau ta fara motsi ba. Annabi Amos da girgizar ƙasa ya ƙididdige lokacin annabcinsa. Ita ta buɗe kurkukun Filibi da Bulus da Sila suke ciki. A ranar 1 ga Nuwamba 1755 ta rushe birnin Lisbon na Fotugal mutane suna cikin majami'u, dubbai suka mutu. Shekara fiye da 260 ke nan, ga mu muna shan koko.

Masu cewa abin ya ƙaru, su tambayi masu awo. Hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta nuna cewa manyan girgiza masu ƙarfin maki 7 zuwa sama wajen 15 ko 16 ake samu a shekara, kuma an daɗe a haka. Na'urori ne suka ƙaru, da wayar da ke kawo mana hoton Turkiyya kafin ƙura ta lafa. Mpape ɗin ma ta motsa a 2018.

An taɓa yin irin wannan ciniki. Harold Camping, wani mai wa'azin rediyo a Amurka, ya sa ranar 21 ga Mayu 2011, har da babbar girgiza. Wasu mabiyansa suka ƙarar da ajiyarsu a allunan talla. Gari ya waye ranar 22, mai gida ya zo karɓar kuɗin haya.

In tsoro ake so, ga na gaske. Fiye da mutum 50,000 da suka rasu a Turkiyya da Siriya a Fabrairun 2023, akasarinsu gini ne ya danne su. A Ikoyi kuwa, a Nuwamban 2021, bene mai hawa 21 ya zube kan mutum fiye da 40, ƙasa ko gezau ba ta yi ba. Yaranmu nawa ke dakon siminti da gadi a ƙarƙashin irin waɗannan gine-gine? Wannan ba mu ji shi a saƙon murya ba.

Shugabanni sun yanke cewa duk wanda ya sake tura saƙon a zaurenmu za a cire shi. Wanda ya karɓi kuɗin 'yar'uwarmu ya san kansa, mu ma mun san shi. Muna ba shi zuwa taron ƙarshen wata ya mayar. Kafin nan, mai niyyar taimaka wa yaran su koma aji ya ga ma'aji bayan sujada ranar Lahadi.

Sakataren Ƙungiya