Hoton ya yi nauyi, amma wa ya kafa ma'aunin?

Duk lokacin da aka buɗe shafin ɗaukar aiki ko na neman gurbin karatu, masu shagunan intanet a Kano da Kaduna da Maraɗi kakarsu ta yanke saƙa. Layi yakan kai har bakin titi. Rubuta suna da ranar haihuwa minti biyar ya ishe shi. Inda ake maƙalewa shi ne wajen ɗora hoton fasfo da takardun makaranta. Yaron shago ya danna, 'yar da'irar nan ta yi ta juyawa, can sai shafin ya yi fari fat, ko ya mayar da mutum farkon fom babu ko harafi ɗaya a ciki. Dattijon da ya rako 'yarsa ya leƙo ya ce, "Yaro, lafiya dai?" Amsar kuwa an haddace ta: "Baba, sabis ne, sai dai a sake gwadawa da dare."

Sau da yawa sabis bai san hawa ba bai san sauka ba. Wata lamba ce da ke zaune a cikin saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, ta ce kaya sun wuce ma'auni. Abin takaicin shi ne, a shafuka da dama babu wanda ya zauna ya zaɓi wannan lambar. Yadda manhajar ta zo daga wajen masu ita, haka aka bar ta.

Manhajar Nginx, wadda Igor Sysoev ya fitar a Rasha a 2004, tana cikin waɗanda suka fi ɗaukar shafukan duniya a yau. Idan ba a taɓa saitinta ba, megabait 1 kacal take karɓa, duk abin da ya haura haka sai ta mayar da shi da lambar kuskure 413. Harshen PHP, wanda WordPress da tarin shafukan makarantu ke tafiya a kansa, yana zuwa da iyakar megabait 2 ga fayil guda, da megabait 8 ga duk abin da aka turo a fom ɗaya. A ɓangaren Microsoft, sabar IIS tana tsayawa a bait miliyan 30, tsohon tsarin ASP.NET da ke bayanta kuma a megabait 4. Wayar Tecno ko Infinix ta yanzu kuwa, hoto ɗaya da ta ɗauka na iya kaiwa megabait uku zuwa biyar. An yanka waɗannan lambobin ne tun wayoyi ba su yi irin wannan idon ba.

A shafin da aka ɗaure da matakan tsaro, masu gadin sun fi haka yawa. Fayil zai iya fara bi ta Cloudflare, wanda ke tsayar da masu tsarin kyauta a megabait 100. Daga nan ya faɗa hannun katangar tsaro irin ModSecurity, wadda saitin da masu ita suka ba da shawara ya tsaya a megabait 12 da rabi. Sannan Nginx ko takwararta Apache, sannan PHP, sannan ita kanta manhajar fom ɗin da nata sharaɗin. Lamarin kamar shigar da gadon amarya ne gidan gargajiya: zauren farko na iya zama wagege, amma soron ciki mai ƙunci shi ke yanke hukunci. Shi ya sa ma'aikacin kwamfuta zai ɗaga iyaka a wuri ɗaya, ya rantse ya gyara, gobe kuma ƙorafi ya dawo.

Da a ce masu gadin nan suna faɗin gaskiya, da da sauƙi. Idan abin da aka turo ya wuce megabait 8 ɗin nan na PHP, ba ya ihu. Zubar da komai yake yi, ya miƙa wa manhaja fom wayam, ita kuma ta ce wa mai nema bai cika suna ba, alhali ya cika sau uku. IIS ma tana da nata salon: lambar da tsofaffin nau'o'inta ke bayarwa ita ce 404.13, wadda mai kallo zai gani a matsayin "ba a sami shafin ba". Mutum ya tafi gida yana zaton an rufe rajista.

Akwai wani tarko da ya keɓanci shafukan da ke neman takardar shaida ta lantarki daga kwamfutar mai shiga, irin na cikin gidan bankuna da ma'aikatu. A tsohon tsarin sirranta sadarwa, idan saba ta nemi wannan shaidar a tsakiyar magana, dole ta ajiye abin da aka fara turowa a wata 'yar ma'ajiya kafin a gama tantancewa. Girman ma'ajiyar a IIS kilobait 48 ne, a Apache kilobait 128. Fayil ɗin da bai kai rabin megabait ba sai ya sha 413, ma'aikaci kuma ya yi ta ƙara lambobin da ba su da alaƙa da matsalar. Tsarin TLS 1.3 da ya fito a 2018 ya soke wannan sake cinikin na tsakiyar hanya, sai dai ba kowace ma'aikata ta sabunta kayanta ba.

Babu mai hankalin da zai ce a cire iyaka gaba ɗaya. Sabar da ke karɓar komai, mugu ɗaya ya isa ya cika mata rumbu cikin dare. Masana tsaro sun san wani fayil mai suna 42.zip, wanda nauyinsa kilobait 42 ne kawai, amma idan aka warware shi kaf yakan kumbura ya kai petabait huɗu da rabi. Apache da kanta ta shekara da shekaru ba ta da iyaka, sai a 2022 aka gano ɓaraka, masu ita suka sa gigabait 1. Ga kuma lissafin kuɗi. A 2020 sama da mutum miliyan 5 suka nemi shiga shirin N-Power. Da kowannensu ya ɗora megabait 5, terabait 25 ke nan, kuma wani ne zai biya kuɗin ajiyarsa da na kwafinsa.

To amma dalilin kafa iyaka daban, wanda aka ɗora wa wahalarta daban. A nan ne masu shafukan ƙasashenmu suka gaza. Wasu sukan rubuta cewa kada hoto ya wuce kilobait 50, wasu ma 20, su naɗe hannu. Yarinyar da ta gama sakandare a Gumel ko Tasawa ina ta san kilobait, balle yadda ake rage shi? Dole ta nufi shago ta biya. Yaron shago ya yi ta matse takardar sakamakon jarrabawa har lambobin su dusashe, takwas ta koma kamar uku. Daga baya jami'in tantancewa ya ce takarda ba ta karantuwa, a jefar da ita gefe.

Mafi muni ma shi ne inda takardun ke bi kafin su iso. Wanda ya rasa yadda zai yi yakan nemi shafin rage nauyin fayil na kyauta, ya loda takardar NIN da ta haihuwa da hotonsa zuwa sabar da bai san ƙasar da take ba. Duk wanda ya taɓa leƙa fuskar kwamfutar shagon intanet a irin wannan lokacin ya ga abin da idonsa: fayil a kan fayil, na wannan kusa da na wancan, cike da suna da lamba da adireshin bayin Allah, babu mai gogewa. Iyakar da aka kafa don tsare saba ta tura sirrin jama'a kasuwa. Najeriya ta kafa dokar kare bayanan jama'a a watan Yunin 2023, da hukumar da ke kula da ita. Ya kamata hukumar ta fara tambayar masu shafuka abin da tsarinsu ke tilasta wa mutane yi a waje.

Wasu ƙasashen sun nuna abin ba gagara ba ne. Ofishin fasfo na Birtaniya yana karɓar hoto daga kilobait 50 har zuwa megabait 10, wato hoton waya kai tsaye ya wadatar. Amurka ta fi tsanani, fom ɗin bizarta kilobait 240 yake karɓa, amma ta rubuta sharaɗin ɓaro-ɓaro tun kafin a fara, ta kuma ajiye manhajar yanke hoto kyauta. Misalin da ya fi kusa ma yana aljihun kowa. WhatsApp bai taɓa ce wa kaka a ƙauye ta rage nauyin hoton jikanta ba, shi ke rage shi a cikin wayar kafin ya tura. Kowace manhajar buɗe shafi ta zamani na iya yin haka da 'yan layukan umarni, datar mai nema ta huta, rumbun saba ma ya huta.

Ga ma'aikacin da aka kira gyara, aikin na farawa ne daga kundin da saba ke rubuta kurakuranta, domin Nginx kan rubuta adadin bait ɗin da ta ƙi karɓa ƙarara. Daga nan a bi masu gadin ɗaya bayan ɗaya, a sa na waje ya ɗan fi na ciki yalwa, yadda manhajar fom ce za ta ƙi fayil, tunda ita kaɗai ke iya yi wa mutum bayani da harshen da yake ji. A tuna cewa fayil ɗin da aka mayar tsarin Base64 yana ƙaruwa da kashi ɗaya cikin uku, don haka hoton megabait 3 zai iso a matsayin 4. A duba agogo kuma: Nginx na yanke layi idan daƙiƙa 60 suka wuce ba abin da ya iso, abin da ba baƙo ba ne ga mai turawa daga inda sabis ke ɗauke numfashi. Manyan fayiloli a riƙa karɓarsu gunduwa-gunduwa, kamar yadda tsarin tus da Vimeo ke amfani da shi yake yi, in layi ya katse a ci gaba daga inda aka tsaya.

Amma ma'aikaci abin da aka biya shi ya yi kawai yake yi. Yawanci a ofis mai sanyi da intanet mai gudu ake gwada shafi, da ɗan fayil ɗin da ɗan kwangila ya zo da shi, a tafa, a sa hannu. Hukumar NITDA, wadda ke tsara ƙa'idojin fasahar sadarwa ga ma'aikatun gwamnatin Najeriya, da ma'aikatun da ke ba da irin wannan kwangila, za su iya rubuta sharaɗi uku a takardar yarjejeniya: shafi ya karɓi hoton waya yadda yake ya rage shi da kansa, ya faɗi iyakarsa kafin a danna, kada kuma ya goge abin da mutum ya riga ya cika. Kafin a biya kason ƙarshe, a ɗauki wayar itel mai araha, a je wata ƙaramar hukuma mai nisa da babban birni, a ɗora takardar sakandare a gaban jami'in da zai sa hannu.