Kulob Ɗin Hoto Ko Inuwar Gareji? Magana Ga Masu Tsofaffin Motoci

  

Yau zan taɓo abokaina, kuma na san akwai waɗanda za su yi kwana biyu ba su amsa gaisuwata ba. To, su yi haƙuri. Samari uku ne a cikin wata guda suka tare ni da tambaya iri ɗaya, wai su ma an bar musu tsohuwar mota a gida, shin su shiga kulob ɗin nan na masu tsofaffin motoci da aka kafa mana a unguwa, tunda sun ga ni na taɓa shiga? Amsar da na ba su a tsaye ita ce a'a. Yanzu ga dalilin a zaune.

Motata Fijo ce 504 wagon, fara, ƙirar Kaduna. A gaskiya ma ba tawa ba ce, ta Baba ce. Ya saye ta na-hannu tun ba a haife ni ba, lokacin yana kawo wake daga wajenmu Hardawa da kasuwar Azare zuwa Bodija. Wake yana bin babbar mota, shi kuma ya biyo baya a Fijo da abokan cinikinsa: Azare, Wudil, Kano, Zariya, Kaduna, Tegina, Mokwa, su haye gadar Jebba, Ilori, Ogbomoso, Oyo, sai Ibadan. A cikinta aka kawo ni kurmi ina goye. A cikinta aka riƙa mayar da mu gida duk babbar Sallah, mu yara a kujerar can baya, buhun garin rogo da jarkar manja a ƙarƙashin ƙafafunmu. Bayan rikicin Shasha na watan Fabrairun 2021 Baba ya ce shi kam kurmi ta ishe shi, ya tattara ya koma Hardawa. Motar ba ta tashi a lokacin, sai ya miƙo mini makulli ya ce, "Ka riƙe ta. In ta gagare ka ka gaya mini, kada dai ka sayar wa 'yan gwangwan." Iyakar abin da ya faɗa kenan.

Wanda bai san tarihin motar nan ba zai ce mene ne abin riƙo a cikin akwalar ƙarfe. A 1968 Faransawa suka fito da 504, a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai, a 1975 kuma ta ci gasar tseren Safari ta Kenya, wadda ake yi a kan hanyoyin ƙasa da laka irin namu. A wannan shekarar ta 1975 ne kamfanin PAN ya fara harhaɗa Fijo a Kakuri, Kaduna. Bayan an kashe Janar Murtala ranar 13 ga Fabrairu 1976 a cikin baƙar Marsandinsa (tana nan ajiye a gidan tarihi na Onikan a Legas, da hujin harsasai a jikinta, duk wanda ke Legas ya je ya gani), gwamnatin Obasanjo ta mayar da 504 motar manyan ma'aikata. Daga nan ta zama motar gwamna, motar alƙali, motar ɗan kasuwa, motar haya. Faransa ta daina ƙera ta tun a shekarun 1980, amma Kaduna ta ci gaba har wajen 2006, ita ce ta ƙarshe a duniya. A zamanin nan akwai Bosuwaja a Legas masu yin Kunkuru, akwai Leyland a nan Ibadan, Fiat a Kano, Marsandi a Inugu, ga kuma Steyr a Bauchi jiharmu. Yawancinsu yau sai labari. Abin da ya rage mana daga wancan lokaci da muka taɓa ɗaura noti da hannunmu shi ne 'yan motocin nan da ke fake a lunguna, kaji na ƙwai a cikinsu.

Da wannan zuciyar na shiga kulob. Na biya naira 20,000 kuɗin rajista, na riƙa ba da 5,000 duk wata. Akwai shugaba, akwai mataimaki, akwai sakatare, ma'aji, jami'in hulɗa da jama'a, har da uban ƙungiya, wani Alhaji da ban taɓa gani ba sai a kalanda. Mu goma sha tara ne, masu muƙami goma sha ɗaya. Wata takwas na yi a ciki. A wata takwas ɗin nan mun ɗinka anko sau biyu, mun buga kalanda, mun buga sitika, mun raka ango sau huɗu. Ba a taɓa buɗe bonet ɗin motar kowa ba ko sau ɗaya, sai ranar da za a ɗauki hoto aka ce a buɗe na wata Marsandi saboda an wanke injin yana ƙyalli.

Ni da motata ba ta tashi, a bayan motar wani nake zuwa taro. Da na kawo maganar a taimaka a duba mini ita, sai shugaba ya yi dariya ya ce, "Kai ɗan Alhaji, wagon ai motar tasha ce. In kana son ta shiga layi, ka cire wannan tsohon injin ka sa na Jafan, ka sa mata ƙafafun alminiyam, ka fesa mata ja." Sauran suka ce ƙwarai kuwa. Wai shin jama'a, in ka cire wa Fijo injinta, ka sauya ƙafa, ka sauya launi, me ka adana? Kwankwaso kawai. Kamar mutum ne ya ce yana girmama kakansa, sai ya aske masa gemu ya sa masa wandon jins ya kai shi gidan hoto.

Abin da ya fitar da ni shi ne rakiyar angon ƙarshe. An fito daga ɗaurin aure, sai yara suka fara wasan mota a kan titi, irin wanda ake yi a Kano da Kaduna ana ta asarar rayuka. Wani ya karɓi makullin 504 salun ta mahaifin abokinsa, mota mai shekara sama da talatin da fentinta na asali, ya juya ta sau biyu, a na uku ya haɗa ta da kwalbati. Allah ya tsare ba a taka kowa ba, ga 'yan talla cike da bakin hanya. Aka kira taron gaggawa. Na ɗauka za a ce a fito da kuɗin asusu a gyara. Sai ma'aji ya ce ai asusu babu komai, an yi hidima da shi. Na ce a kawo littafi mu gani. Aka ce ina da baƙin ciki, ni da ko mota mai tafiya ba ni da ita. Bayan sati biyu na ga gawar motar nan a kan kura, an yanka ta gida huɗu.

Na san abin da za su ce, don sun faɗa mini a ido. Kuɗinmu ne, nishaɗi ba haram ba ne, kuma matashi a baƙon gari yana buƙatar wurin da zai zauna da 'yan uwansa ya ji shi ma wani ne. Wannan na ƙarshen gaskiya ne, ban musa ba. Mu da muka tashi a Sabo mun san zafin a kalle ka a ce "aboki", a ɗauka iyakarka turin baro da gadi. In ka fito cikin mota mai ƙyalli da babbar riga, ranka yana yin sanyi. Amma ku kira abin da sunansa, ku ce ƙungiyar rakiyar ango ce, ba wanda zai yi muku magana. Laifin shi ne ku karɓi kuɗin yaro da sunan za a raya motar ubansa, ku ɗinka masa hula.

Kuma wannan kwaikwayon Turawa da ake yi, rabinsa aka kwaikwayo. E, a Ingila suna da tafiyar da suke yi duk watan Nuwamba daga Landan zuwa Brighton da motocin da aka ƙera kafin 1905, suna sa tufafin da, suna hoto. Amma motar da ta haura shekara ɗari ba hoto ne yake kai ta Brighton ba. Akwai mutanen da suka kwana shekara suna ƙera mata abin da ya lalace. Gwamnatinsu ma tana yafe harajin hanya ga motar da ta kai shekara 40. Mu ba mu da wannan. In misali muke nema, Kuba ta fi kusa da mu, inda takunkumin Amurka ya hana su kayan gyara tun farkon shekarun 1960, amma makanikai suka riƙe motocin shekarun 1950 suna aiki, ana haya da su ana ciyar da iyali.

Inda na samu abin da nake nema ba shi da suna, ba shi da allo. Wata inuwa ce a bayan kasuwar kayan gyara ta Gate, garejin wani dattijo Bayarabe da ya yi shekaru yana gyara Fijo, ya ji Hausa kamar jakin Kano saboda zama da direbobinmu. Tsofaffin direbobin dogon zango suna taruwa wurinsa ranar Asabar da yamma, wasu 'yan Katsina, wasu 'yan Potiskum, da wani Inyamuri mai shago wanda in ka gaya masa abin da kake nema zai ce ka ba shi sati, ya buga waya Ladipo ko Fanteka ko Ƙofar Ruwa. Ranar da na ja motar zuwa wurin, dattijon bai tambaye ni kuɗin rajista ba. Ya zagaya ta sau ɗaya, ya durƙusa ya leƙa ƙasa, ya ƙwanƙwasa da sifana, ya ce, "Yaro, ƙasanta bai ruɓe ba. Babanka ya iya riƙo. Cire rigarka." Ya miƙo mini sifana mai lamba 13.

A wurin na gane dalilin da ya sa wanda ya ce in cire injin bai san me yake faɗa ba. Injin 504 silinda huɗu ne, kuma silif ɗinsa ana zare shi a sa sabo, don haka in ya gaji ba jefar da shi ake yi ba, a canza silif da fistin da zobe da gaskit ya dawo yaro. Babu kwamfuta a jikinsa. Kafireto ne da kwantak da kwayil da fulogi, abin da duk makaniken ƙauye tsakanin Mokwa da Tegina zai iya kwancewa da tocila a baki. Motar zamani in ta tsaya maka a wannan dajin sai dai ka nemi mai ja. Wata biyar muka yi, ina zuwa in na tashi daga rumfa, kafin ranar da ta yi tari sau biyu ta kama. Na kira Baba na kara masa wayar a jikin bonet. Ya yi shiru, can ya ce, "Silo ɗinta ya yi sama, a rage."

Ba zan ce wurin aljanna ba ne. Tsofaffin nan suna da rowar ilimi, sai ka yi ta wanke noti a cikin fetur wata guda kafin a nuna maka abu ɗaya. Alƙawarinsu na "gobe" yana iya zama sati uku. An taɓa sa mini tsohon famfon mai aka ce sabo ne, sai da na yi rigima. Amma suna da adashi, kowa naira 2,000 a sati, an rubuta a littafin makaranta mai layi, yana rataye a ƙusa, duk mai so ya ɗauka ya duba. Wanda ya kwasa kayan gyara yake saya, a gaban kowa. Kuma in motar ɗaya ta mutu a hanya, ko a Jebba ne, akwai wanda za a kira ya san wanda zai je.

Akwai wata magana da aka yi a kulob da har yau take ci mini rai. Wani ya kawo shawara a shigo da makaniken da ke gyara masa mota, aka ce a'a, tsarin ƙungiya na 'yan Arewa ne zalla. Na fahimci inda tsoron ya fito, wanda ya ga Shasha tana ci da wuta ba za a koya masa tsoro ba, rumfarmu ma tana ciki. Amma a Ibadan kake zaune, kana son raya motar da hannun Bayarabe ya fi kowa saninta a garin, kayanta kuma suna shagon Inyamuri, sannan ka ce Hausawa zalla? To wa zai ɗaura maka notin, jami'in hulɗa da jama'a? Iyayenmu da suka kafa Sabo shekara sama da ɗari da suka wuce ba haka suka yi cinikin goro da shanu ba.

Sannan mu daina ɗora wa wasu laifin ƙarewar motocin nan. Wa ke yawo da kura yana sayen ƙarfe a kan kilo? Yaranmu ne, wasu ma 'yan garinmu. Ban zarge su ba, sana'a ce, ta fi roƙo. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, mai tsohuwar Fijo da ke shan fetur kamar raƙumi yana ganin gara ya karɓi abin da aka ba shi ya huta. Ni kaina ba kullum nake hawanta ba, sau ɗaya a sati ne, sauran kwanaki ina kan acaɓa. To amma ƙungiyar da ta san abin da take yi, da waɗannan yaran za ta fara ƙulla zumunci, ta ce musu duk wanda aka kira shi yankan 404 ko 504 ko Kunkuru ya buga waya kafin ya sa gatari, a zo a cire fitila da gilas da giya da kafireto a biya shi fiye da kuɗin kilo. Dattijon garejinmu yana yin haka shi kaɗai, da yara biyu 'yan Jama'are da ke kawo masa labari. Kulob mai masu muƙami goma sha ɗaya bai taɓa tunanin abin ba.

Su samarin nan uku na ce su zo ranar Asabar bayan la'asar da tsofaffin kaya a jikinsu. Biyu sun zo, ɗaya ya ga baƙin mai ya ce zai dawo.

Niyyata in Allah ya kai mu babbar Sallah in tuƙa ta da kaina har ƙofar gidanmu a Hardawa, in miƙa wa Baba makullinsa. Abin da ya rage lagireto ne, nata yana yoyo ta ƙasa kuma an like shi har ya gaji da liƙi, sai fitilar baya ta hagu, ta wagon, don ta salun ba ta shiga. Duk wanda ya san inda suke, ko a Agege ne ko a Azare, ya aiko mini da saƙo ta hannun masu wake na Bodija, zan biya kuɗin mota.