RAMIN ƘARYA ƘURARRE NE: Takardun da Ingila ta ɓoye kusan shekara 50

Duk lokacin da mahukuntan Ingila suka tashi yi wa raunanan ƙasashe wa'azin gaskiya da riƙon amana, kamata ya yi a tambaye su labarin Hanslope Park. Wannan wani katafaren gida ne na Ma'aikatar Harkokin Wajensu, can arewa da Landan, kewaye da waya da masu gadi, inda suka jibge takardun ta'asar da suka tafka a ƙasashen da suka mallaka, suka kuma yi gum da bakinsu.

Tun da 'yan mulkin mallakan nan suka ga alamar tafiya ta zo suka soma share sawunsu. A 1961 sakatarensu mai kula da ƙasashen mallaka, Iain Macleod, ya aika da umarnin kada a bar wa sababbin gwamnatoci duk wata takardar da za ta kunyata gwamnatin Sarauniya. Wasu takardun aka banka masu wuta, wasu aka ba da izinin a zuba su cikin akwatuna masu nauyi a nutsar a teku, sauran kuwa aka kwashe su zuwa Ingila a asirce.

To amma babban makircin yana wajen lissafi ne. Dokarsu ta wancan lokacin ta ce takardun gwamnati in sun shekara 30 a miƙa su ga ma'ajiyar tarihi ta ƙasa, a sa masu lamba, a shigar da su kundi, don mai bincike ya nema ya karanta. Waɗannan kuwa ba a miƙa su ba, ba a shigar da su ba. Takardar da ba ta cikin kundi, ta yaya mai bincike zai ambaci lambarta, balle a ɗauko masa? Gwamnatin Kenya ta nemi nata tun 1967, aka hana ta.

Sai dai rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. A 2009 wasu tsofaffi 'yan Kenya, waɗanda aka azabtar a sansanonin tsare mutane lokacin gwagwarmayar Mau Mau, har aka dandaƙe wasunsu, suka maka gwamnatin Ingila a kotun Landan. Da shari'a ta matsa, a 2011 ma'aikatar ta amsa cewa tana riƙe da fayil 1,500 na Kenya. Ba a jima ba aka ce 8,800 ne, daga ƙasashe 37, har da Nijeriya. A 2013 ministan harkokin waje William Hague ya sanar da biyan fam miliyan 19.9 ga mutum 5,228, ya ce suna nadama, amma ya ƙi yarda gwamnati ta ɗauki alhakin laifin. A shekarar ce kuma ta bayyana cewa fayilolin da ke jibge a gidan sun haura miliyan ɗaya. Wai waɗannan ne malaman gaskiya!

Saboda haka matashin da ya je ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna neman labarin mulkin Nasara, ya sani abin da zai tarar tankaɗaɗɗe ne, wanda ake tuhuma shi ya riƙe rariyar. Ya karanta, amma da ido biyu.

Wajibi ne kuma matasa su ɗauki darasi. Azzalumi ya san darajar takarda, shi ya sa ya ƙona wata ya kulle wata. Abin kunya ne a ce wanda aka zalunta shi ne zai bar wasiƙun kakanninsa da littattafan malamansa ga gara da ɗigar ruwa. A tattara su, a rubuta sunan kowace da shekararta da inda take, a zauna da dattawa a ɗauki shaidarsu tun suna raye.

Masu ƙona takardu kuwa su saurari ranar da za a buɗe littafin da wuta ba ta ci, teku ba ta haɗiyewa. Allah Ya isar wa waɗanda aka zalunta.