Nina Simone da Sunan da Aka Laƙaba Mata

Sanin kowa ne manazarta ba su jin daɗin aiki sai sun rarraba mawaƙa gida-gida. To, amma akan sami mawaƙin da gida ɗaya ya yi masa kaɗan. Nina Simone, baƙar fatar Amurka da littattafai suka saba kira mawaƙiyar jaz, tana cikin irin waɗannan. Ita kanta ta ƙi sunan, kuma tana da hujja.

An haife ta a garin Tryon na Jihar Karolina ta Arewa a 1933, sunanta na yanka Eunice Waymon. Mahaifiyarta mai wa'azi ce, don haka a coci ta fara taɓa fiyano. Daga nan wata Baturiyar Ingila ta koya mata kiɗan gargajiyar Turai, musamman na Bach. Burinta shi ne ta zama gwanar wannan kiɗa a manyan zauruka. A 1951 makarantar kiɗa ta Curtis da ke Filadelfiya ta ƙi karɓarta, ita kuwa har ta koma ga Mahaliccinta tana ganin launin fatarta ne sanadi. Neman abinci ne ya kai ta wata mashaya a Atlantic City a 1954, inda mai wurin ya ce kiɗa kaɗai bai isa ba, sai ta haɗa da waƙa. A nan ta ɗauki sunan Nina Simone, wai don kada labari ya kai kunnen mahaifiyarta.

Masu kiranta mawaƙiyar jaz ba su rasa abin faɗi ba. Ta yi wasa a wuraren jaz, kuma takan ƙirƙiri salo nan take kamar yadda ’yan jaz ke yi. Amma fa wanda ya kasa kunne ga “Love Me or Leave Me” zai ji a tsakiyar waƙar ta saki hanya ta shiga zubin Bach, hannun dama da na hagu suna bin juna kamar masu muhawara. A wata waƙar amon coci ne, a wata kuma bulus, ko waƙar ƙauye, har da ta Faransanci. Jaz kashi ɗaya ne kurum. Me ya sa shi ya rinjayi sauran? Domin a Amurkar wancan zamani, baƙar mace da ta zauna gaban fiyano a gidan rawa an riga an yanke mata suna tun ba ta taɓa shi ba. Watau fatarta da wurin da ta tsaya aka duba, ba zubin kiɗan ba.

Sunan ya ƙara yin kaɗan daga 1963. A shekarar aka kashe Medgar Evers a Misisipi, aka kuma tayar da bom a wani cocin Birmingham, ’yan mata huɗu suka rasu. Martaninta shi ne “Mississippi Goddam”, wadda ta rera a zauren Carnegie a 1964. Abin lura, kiɗan na raha ne irin na wasan dandamali, kalmomin kuwa wuta. Da gangan ta haɗa su, don mai sauraro ya fara murmushi kafin magana ta shaƙe shi. Ashe gauraya salo a wurinta dabarar isar da saƙo ce, ba rashin alƙibla ba.

Wannan tsayin daka ya rage mata kasuwa. Ta bar Amurka, ta zauna a Barbados da Laberiya da ƙasashen Turai, ta rasu a kudancin Faransa a 2003. Sunan da ta zaɓa wa aikinta shi ne kiɗan kilasika na baƙar fata, kuma shi ya kamata manazarta su fara aunawa kafin nasu. Makarantar Curtis dai ta ba ta digirin girmamawa ana saura kwana biyu ta cika.